Sadakar da Ta Wuce Kwana Arba'in: Jawabi Kan Cutar ALS da 'Yan Uwan da Muka Rasa

Iyayena, yayyena da ƙannena mata na Dutse, Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da kewaye, sannunku da ƙoƙari, sannunku da hidimar gida. Yau ba maganar zaɓe ce ta kawo ni ba. Wata jinya zan ba ku labari, sannan in roƙe ku abu guda.

Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗinkin hula ne sana'arta. Da fari allura ce ta riƙa suɓuce mata daga yatsu, muka ce gajiya ce. Bayan 'yan watanni ta kasa ɗaura zani da kanta, ƙafa ta fara ja, magana ta fara lauyewa kamar harshen ya yi mata nauyi. Kun san halinmu. Wannan ta ce sammu ne, waccan ta ce iska ce, har aka fara yi wa abokiyar zamanta kallon banza, baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Tumakinta suka ƙare a neman magani. Sai da aka kai ta Kano likita ya faɗa mana sunan ciwon, wai ALS. Shekara uku ta yi tana jinya, Allah Ya karɓi abarSa. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.

To mene ne ALS ɗin nan? Akwai wasu jijiyoyi da ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka su kai wa naman jiki, su ce motsa hannu, taka ƙafa, haɗiye, ja numfashi. A wannan cuta jijiyoyin ne ke mutuwa sannu a hankali, sai naman jikin ya yi ta raguwa, ya rame. Wani likitan Faransa mai suna Charcot ne ya yi bayaninta tun 1869. A Ingila an fi kiranta MND. Ku lura, daban take da shanyewar ɓarin jiki da hawan jini ke kawowa. Shi wancan rana ɗaya yake kayar da mutum, yawanci gefe guda. Ita wannan rarrafe take yi, daga hannu ko ƙafa ko harshe, tana ci gaba. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko taɓa marar lafiya. Kusan mutum ɗaya cikin goma ne yake gadonta, sauran haka kawai take zuwar musu. Yawancin masu ita shekara 2 zuwa 5 suke yi bayan an gano ta. Har yau ba a sami maganin warkewa ba. Akwai ƙwaya mai suna riluzole da aka amince da ita a Amurka a 1995, amma 'yan watanni kawai take ƙarawa.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau: mafi yawan masu wannan ciwo suna ji, suna gani, suna gane kowa. Bature masanin kimiyyar nan Stephen Hawking an gano masa ita a 1963, ya rayu har 2018, yana kan keke, na'ura ce ke yi masa magana, amma ya ci gaba da koyarwa da rubuta littattafai. Shi nasa tsawon kwanan ba kasafai ake samun irinsa ba, sai dai ya nuna mana cewa hankali yana nan. Saboda haka don Allah a daina zama a gaban marar lafiya ana cewa “ai ta riga ta tafi”. Wallahi tana jinku. Ni Yaya da ƙifta ido take amsa mini, sau ɗaya e, sau biyu a'a.

Yanzu bari mu leƙa mu ga abin da wasu iyalai suka yi da irin wannan rashi. A birnin Boston na Amurka an yi wani matashi ɗan wasa, Pete Frates, aka gano masa ciwon a 2012 yana shekara 27. Masu Facebook a cikinku za su tuna 2014, lokacin da mutane ke sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara suna ɗauka a bidiyo. Shi da danginsa suna cikin waɗanda suka yaɗa abin, kuma ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115 da shi. Ya rasu a Disamba 2019. Mahaifiyarsa Nancy ba ta naɗe hannu ba, kuma gidauniyar da iyalin suka kafa da sunansa tana taimaka wa masu ciwon da kuɗin jinya a gida, domin sun ɗanɗana, sun san a nan kuɗi ke narkewa.

A Ingila kuma akwai Rob Burrow, ɗan ƙwallon zari-ruga na birnin Leeds, wanda ya rasu a watan Yuni 2024 yana shekara 41. Matarsa Lindsey ce ta yi jinyarsa, ga 'ya'ya uku, ga aikinta na asibiti. Da shi da iyalinsa da abokansa suka tsaya aka tara fam miliyan 6.8 don gina cibiyar masu wannan cuta da sunansa.

Kada wata ta ce wannan ai sai Turawa. A Asibitin Malam Aminu Kano akwai cibiyar wankin ƙoda da marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya bayar, mai ɗauke da sunan mahaifinsa Alhassan Ɗantata. Tun kafin nan ma, malamanmu sun karantar da mu yadda sahabi Sa'adu ɗan Ubada ya haƙa rijiya sadaka ga mahaifiyarsa bayan rasuwarta. Sadaka mai gudana tamu ce, a gida muka tarar da ita.

Na san ba mu da miliyoyi. Amma ku ji abin da ya faru a gidanmu. Bayan sadakar arba'in, keken Yaya yana jingine a zaure, ba mai son kallonsa. Sai wata maƙwabciya ta zo aro, mijinta ɓarin jikinsa ya shanye. Muka ba ta. Da ya samu sauƙi ta dawo da shi, wani gida ya ɗauka. Yau gida na huɗu ke nan keken nan yake aiki, kuma duk inda ya shiga sai an yi wa Yaya addu'a. Shinkafar da muka dafa ranar arba'in kuwa, kafin la'asar an cinye.

Ga roƙona. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta zagaya ta tambaya: wane gida ne aka yi doguwar jinya, aka bar keke, ko sandar dogarawa, ko katifa, ko kujerar bayan gida? Wanda iyalinsa suka yarda, a karɓa a matsayin wakafi da sunan mamacin, a ajiye wurin mace guda amintacciya, a buɗe littafi, wanda ya ara ya dawo da shi. Kada a tambayi kowa katin jam'iyya, ciwo bai tambaya ba kafin ya shiga gidan.

Na biyu, mai jinya. Kusan kullum mace ce, mata ko 'ya ko ƙanwa, ba barci, ba sana'a. Mu tsara karɓa-karɓa, ko wuni ɗaya ne a mako, ta samu ta yi wanka a natse, ta runtsa. Waɗanda suka taɓa jinya su koya wa sababbi: a zaunar da marar lafiya sosai kafin a ba shi abinci, a ba shi mai laushi kamar kunu mai kauri, domin abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin sa shi ƙwarewa, a riƙa juya shi kada kwanciya ta yi masa gyambo.

Na uku, in kin ga hannu ko ƙafa na raguwa wata da watanni, ko magana da haɗiya na sauyawa, a yi addu'a, a kuma je asibiti da wuri. Ga Rasheed Shekoni a nan Dutse, ga asibitin tarayya na Birnin Kudu, in ta kama a tura ku wurin likitan jijiyoyi a Kano. Wataƙila ma wani ciwon ne daban mai magani. A adashinmu a ware ɗan wani abu na kuɗin mota, gidan da abin ya fi ƙarfinsu kuma a kai sunansu ga kwamitin zakka na Masarautar Dutse ta hannun mai unguwa.

A taronmu na gaba kowace mazaɓa ta zo da jerin abin da ta samu. Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta da waya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya kai haske kabarin iyayenmu da 'yan uwanmu.