Tattabara, Masallaci Da Haƙƙin Maƙwabci

(Nassin laccar da aka gabatar bayan sallar Magariba a wani masallacinmu da ke Ƙofar Nassarawa, Kano)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambayar da aka aiko mana ita ce: tattabaru sun addabi masallaci, suna sheƙa a cikin silin, suna ɓata tabarmi, suna zuba kashi a tankin alwala da kan hatsin da mata suke shanyawa. Shin ya halatta a gauraya musu shinkafar ɓera da dawa? Amsarmu ita ce bai halatta ba, duk da cewa cutar da ake kuka da ita gaskiya ce, kuma kawar da cuta wajibi ne.

Da farko mu gyara wani kuskure. Wasu suna sake sallah idan kashin tattabara ya taɓa musu riga. A mazhabar Imamu Malik, kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne, matuƙar ba najasa yake ci ba. Amma tsarki daban, lafiya daban. Tun shekarar 1955 likitoci suka gano cewa tsohon kashin tattabara yana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ake shaƙa tare da ƙura, wadda takan kai ga ƙwaƙwalwar wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Saboda haka ladani ko almajirin da zai share shi, ya fara yayyafa ruwa, ya rufe hancinsa.

To, me ya hana guba? Manzon Allah (S.A.W.) ya ambaci halittu biyar masu ɓarna da ake kashewa ko a cikin Harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Babu tattabara a cikinsu. Hasali ma, an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) cewa wanda ya kashe tattabarar Makka akuya ce fansarsa. Kano ba Harami ba ce, mun sani, yanka tattabara a ci halal ne. Amma wadda guba ta kashe ta zama mushe, an tozarta dukiya, an azabtar da rai. Sannan wa zai tsare kajin maƙwabta daga wannan dawa? Wa zai hana yaro mai jin yunwa ya tsinci gawar ya gasa? Bugu da ƙari, yawancin tattabarun cikin birni suna da masu su, ba kamar hasbiya ba, wadda ba ta kowa ba ce. Wanda ya halaka dukiyar Musulmi, sai ya biya. Haka nan yaran da ake turawa da danƙo: an hana jifa da tsakuwa a hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal (R.A.), domin tana karya haƙori, tana tsiyayar da ido.

Yanzu mu juyo kan masu kiwo, domin nan ne asalin maganar. Kiwon tattabara don cin 'yan shila, ko sayarwa, ko samun taki, sana'a ce halal, kuma kakanninmu sun yi ta. Abin zargi shi ne matashin da yake wuni a saman soro yana tashin tattabaru, yana leƙa gidajen mutane, ana kiran sallah yana kallon sama, wani lokaci har da caca. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya ga wani yana bin tattabara, sai ya siffanta shi da shaiɗan. Shaihu Halil kuwa, a babin shaida na Muhtasar, ya lissafa wasa da tattabara cikin abubuwan da suke zubar da mutuncin mai ba da shaida.

Malamanmu na Malikiyya sun tattauna wannan rikici tun da daɗewa. Asbagu yana ganin tattabara kamar sauran dabbobi ce, mai shuka ya tsare shukarsa. Muɗarrif kuwa yana ganin a hana mai ita idan tana cutar da mutane, domin ana iya tsare gona daga akuya, amma ba a iya tsare ta daga abin da yake tashi sama. A unguwa irin tamu, inda katanga take jingine da katanga, maganar Muɗarrif muka rinjayar.

Ko ta fuskar dabara ma, kisa ba ya magani. A birnin Basel na ƙasar Suwizalan an kashe tattabaru kusan 100,000 tsakanin 1961 da 1985, amma yawansu bai ragu ba, domin tattabara ƙwai biyu take sakawa, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18, ta kuma maimaita sau da yawa a shekara. A 1988 sai suka wayar da kan jama'a su daina zuba musu abinci, suka gina musu ɗakuna inda ake kwashe ƙwai. Cikin kimanin shekara huɗu adadin ya ragu da rabi. Abinci da wurin sheƙa su ne suke tara su, mu kuwa ga tsakin dawa da ragowar tuwo muna watsarwa a bakin masallaci.

Don haka muna kira ga kwamitin masallaci ya toshe kafofin silin da waya, bayan an fitar da 'yan shilan da suke ciki, ya kuma yi wa tanki murfi. Dattawa biyu su je wurin masu kiwo cikin lalama, su nemi su ciyar da tsuntsayensu a gida, su rage su ta hanyar yanka ko sayarwa. Wanda ya ƙi, a kai maganarsa gaban mai unguwa, kada wani matashi ya ɗauki hukunci a hannunsa. Wanda kuma ya riga ya sayi guba, ya kawo wa liman ita a daren nan.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.