Idan Fari Suka Ci Daji, Wa Za A Tallafa Wa?

Ardo-ardo, dillalai da fataken shanu da kuka hallara nan Njamena, ina gaisuwa.

Kun tuna 2004, da fari suka mamaye Sahel daga Muritaniya har Chadi. Sun haɗu da ƙarancin ruwa, sai ga shi a 2005 saniya ta faɗi warwas a kasuwannin Nijar, gero kuwa ya yi tsada.

Fari ba gona kaɗai suke ci ba. Suna cinye ganyen dakwara mai ba da ƙaro, da sauran itatuwan da dabbobinmu ke dogaro da su da rani. Idan gwamnati za ta raba tallafi, mai gona da mai ƙaro suna da fili da za a auna. Makiyayi fa? Asararsa tana jikin saniya.

Roƙonmu biyu ne. A sa makiyaya cikin masu ƙidayar ɓarna. Sannan a sanar da ardo kafin feshi, domin a janye garke daga ciyawa mai guba.

Mu ma duk wanda ya ga fari, ya kai rahoto nan take. Allah ya kiyaye mana dukiya.