Jawabin Ƙaddamar da Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta Matasan Sukukutane

 

Masu martaba iyayen ƙasa, ranku ya daɗe. Shugabannin gundumarmu, barkanku da aiki. Malamanmu na addini, Allah ya gafarta muku. Malaman lakwal da na kwaleji, iyayenmu mata da suka bar girki suka zo, baƙinmu da suka sha hanya daga Dogon Dutsi da Matankari da Dogon Kirya, sannunku da zuwa, sannunku da rana. Ku kuma 'ya'yana da kuka ɗora mini nauyin buɗe wannan taro, na gode, Allah ya yi muku albarka.

Da aka kawo mini takardar sunayen 'yan ƙungiyar nan, abin da na fara dubawa shi ne sunayen 'yan mata. Na same su, kuma an tabbatar mini kowace da yardar iyayenta ta shigo. A kan waɗannan yara zan yi magana yau, samari su yi mini haƙuri. Zan fara da labarin wata mace da ta riga su taka wannan hanya.

Sunanta Zalika Souley. A Yamai aka haife ta a 1947. Ba ta cika shekara 20 ba, a 1966, Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa. Cikin abokan nan har da budurwa ɗaya, da wando da hula da bindiga, a bisa doki. Ita ce Zalika. Ku tuna ƙasarmu tana da shekara 6 kacal da samun 'yancin kai a lokacin. Daga nan Oumarou Ganda ya ɗauke ta a Cabascabo, labarin tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin, abokai da mata suka cinye masa kuɗi suka watse. An nuna fim ɗin a bikin Kan na Faransa a 1969. Sai kuma Le Wazzou polygame, inda wani Alhaji ya ƙwace budurwar da aka yi wa wani saurayi alkawari, kishi ya kai har ga zubar da jini. A 1972, karon farko da aka fara ba da babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, wato Étalon de Yennenga, wannan fim ne ya ɗauke ta. Nijar ce ta fara kai kyautar gida kafin kowace ƙasa ta Afirka, kuma da fuskar Zalika a ciki.

To me ta samu? A finafinan nan sau da yawa an ba ta matsayin mace mai wuyar hali: mai cin kuɗin maza, kishiya mai mugun nufi. Ta kuwa iya, har ta sa mai kallo ya ji haushi ya kama shi. Sai mutane suka fito daga gidan sinima da haushin nan a ransu, suka sauke shi a kanta. Aka zage ta, aka ɓata mata suna, aka ɗauki halin da marubuci ya ƙaga aka ce nata ne. Da harkar sinimar Nijar ta durƙushe, sai ta tashi ba suna mai kyau, ba dukiya. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta, Al'lèèssi, wanda aka nuna a Kan a 2005. Duk wanda ya kalle shi ya ga dattijuwa a ɗan gida a Yamai, ba famfo, tana faman ciyar da 'ya'yanta. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau a gidajen mutane. Ta rasu a watan Yulin 2021. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata. An ba ta lambobin yabo a rayuwarta, gaskiya ne, amma lamba ba ta biyan kuɗin haya.

Ku dubi wata 'yar wasa a Ingila, Judi Dench. Ta fara hawa dandamali a Landan a 1957. A 1963 ta zo nan Afirka ta Yamma tare da ƙungiyarsu, ta fito a matsayin matar Makbes cikin wasan Shakespeare, matar da ta zuga mijinta ya kashe sarkin da ya sauka baƙo a gidansu. Mugunta ai ba ta wuce wannan. Amma mutanenta ba su bi ta da zagi ba. Sun ce ta iya aikinta, suka ƙara mata wani. Ta yi wasannin talabijin, ta yi finafinai, a 1988 aka ba ta sarautar girmamawa ta Dame, a 1999 ta karɓi kyautar Oscar, ta tsufa ana neman ta. Ban kawo ta don in ce Turawa sun fi mu hali ba. Su ma a zamanin Shakespeare yara maza ake ɗaura wa kayan mata, sai a 1660 mace ta fara hawa dandamalinsu. Abin da suka riga mu ganewa ɗaya ne: mai kwaikwayo ma'aikaciya ce, a biya ta, a bambanta ta da halin da ta nuna.

Iyayena da ƙannena, wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kowa a nan ya taɓa zama gaban kakarsa bayan sallar lisha. Za ta ƙanƙance murya ta karya harshe ta zama Gizo, ta ɗaga kafaɗa, ta zare ido. Kafin ka ƙifta ta sassauta ta zama Ƙoƙi, ta kumbura kumatu ta zama Kura, yaro ya ƙanƙame zanenta don tsoro alhali ya san ita ce. Gobe da asuba wa ya taɓa kiran tsohuwar nan maƙaryaciya don ta yi Gizo jiya? Ga tashe cikin watan azumi, ga wasan kara bayan kaka, ga gaɗa a dandali. Zamanin Seyni Kountché, Samariya ta kowane gari tana shirya wasa, ana gasa tun daga ƙauye har bikin matasa na ƙasa. Manyanmu da ke zaune nan sun san yadda a da ake taruwa a gaban akwatin rediyo ko talabijin idan Yazi Dogo da abokan wasansa za su fito, a yi dariya har da hawaye, a tashi kuma kowa ya san da shi ake.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Lugu tana nan cikin ƙasarmu ta Arewa. A can ne, a watan Afrilun 1899, Sarauniya Mangu ta tsaya a gaban rundunar Voulet da Chanoine, rundunar da ta bi garuruwa da wuta da kisa har Birnin Ƙonni. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980. Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci kyautar Yennenga a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, zamanin Thomas Sankara, kuma Aï Keïta, 'yar Burkina, ita ta fito a matsayin Sarauniya. Ta yi ƙoƙari matuƙa, muna gode mata. Amma duniya ta san Sarauniyar Lugu da fuskar wata ƙasa da muryar wata ƙasa. Ina 'yar Arewa da za ta tsaya ta yi maganar Sarauniya da Hausar Arewa, da irin lafazin da ake yi a bakin rijiyoyinmu? Idan muka ci gaba da hana 'ya'yanmu mata fitowa, wasu ne za su riƙa ba da labarinmu, mu kuma mu sayi kati mu kalla a waya.

Ba labarin sarauta kaɗai ba. Matar da mijinta ya tafi cin rani tun bayan kaka, damina ta faɗi bai dawo ba, rumbu ya yi ƙasa, ita ce huɗa ita ce daka. Yarinyar da ta ci jarrabawar shiga kwaleji aka ce ta ajiye littafi an karɓi kuɗin aurenta. Mai naƙudar da aka ɗora a amalanke cikin dare ana neman likita. Idan aka ɗaura wa saurayi zane da kallabi ya fito da waɗannan, dariya za a yi, domin da ya buɗe baki an ga gemu. Idan yarinyar da ta ga haka a ɗakin uwarta ta fito, fili zai yi tsit.

Na san tsoron iyaye, kuma ban raina shi ba. Ni ma uba ne. Kuna ganin abin da ke yawo a wayoyi, kuna jin labaran da ake bayarwa kan masu fim, kuna tsoron ranar da za a zo neman auren 'yarku wani ya ce ai 'yar wasa ce. Malamanmu kuma suna da haƙƙin tambaya kan sutura da cuɗanya. Saboda haka, shugabannin ƙungiya, ina neman alkawari daga gare ku a gaban wannan jama'a. Gwajin wasa da rana za a yi shi, a filin lakwal, da dattijuwa zaune, kuma kowace yarinya ta isa gida kafin magariba. Uban da ya so jin labarin wasa kafin a nuna shi, a zauna a karanta masa. Wadda makinta ya faɗi a aji ta huta sai ta gyara. Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya kashe ƙungiyoyi da yawa: ko dala aka samu a rubuta a littafi, kuma rabon yarinya daidai da na yaro. Kada wata ƙungiyar agaji ta ba ku aikin faɗakarwa, maza su raba kuɗi a bayan ɗaki, mata su tashi da sannu da ƙoƙari.

Ku kuma 'ya'yana mata, aikin yana da wuya. Za ku haddace magana, ku koyi ɗaga murya har na bayan fili ya ji ba tare da kun yi ihu ba, ku koyi tsayawa shiru idan wani yana nasa. Ku zauna kusa da tsofaffi ku saurari yadda suke jera zance. Ku riƙe sallarku da karatunku da mutuncinku, don bakin masu jiran ku yi tuntuɓe ya mutu.

Roƙona na ƙarshe ga jama'ar gari ne. An gaya mini a wasan da za mu kalla yanzu akwai uwar miji mai tsanani, kuma yarinya ce 'yar kwaleji za ta fito a matsayinta. Idan ta ba ku haushi, to ta iya. Gobe in kun gamu da ita a kasuwa ko a bakin famfo, ku kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata, ku ce Allah ya ƙara basira. Wanda ya ji yaro yana tsokanarta da sunan wasa, ya tsawata masa nan take.

Da sunan Allah, da izinin iyayen ƙasa, na ƙaddamar da wannan ƙungiya. Allah ya tsare yaranmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Yara, fili naku ne.