Mota ma tana da iyakar abin da take ɗauka: jawabi ga matasan Madawa, Buza da Keita

 

Maganata ta yau a kan lodi ce. Lodin ƙananan motocin nan masu buɗaɗɗen baya, a-kori-kura, Hilux da ire-irenta, waɗanda su ne ke ɗauke da rayuwar ƙauyukanmu daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita da Tamaske. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar kasuwar Tunfafi ya san abin da nake faɗi: buhuna a ƙasa, bisashe a tsakiya, mutane a sama, yaran mota biyu ko uku sun maƙale a baya. Mun saba gani har abin ya daina ba mu tsoro. To ni abu biyu nake so mu tashi da su daga nan. Kowace mota tana da adadin nauyin da aka rubuta mata, kuma kowa na iya karanta shi. Sannan wurin da aka ɗora kaya a jikin mota yana kashe mutum kamar yadda yawan kayan yake kashewa.

Mu fara da adadin. Ku ɗauki katin mota, wato kart giriz, za ku ga lambobi biyu. Ɗaya nauyin motar ne ba komai a cikinta. Ɗayar, wadda ake rubutawa PTAC, ita ce iyakar nauyin mota da duk abin da ke kanta. Ka cire ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne lodinka. A Hilux abin yana zagaye tan ɗaya ne, kilo 1000, wata ma ba ta kai ba. Kuma fa cikin kilo 1000 ɗin nan akwai direba, akwai yaronsa, akwai fasinjan gaba, akwai ƙarafan da aka yi wa walda a baya don a ƙara tsawon lodi.

Yanzu mu yi lissafi tare. Buhun hatsi kilo 100 ne, buhun albasa kuwa yakan haura haka. Buhu goma, mota ta cika, magana ta ƙare. Amma mu a nan ne muke fara lodi. A ɗora mutum 15, mu ce kowa kilo 60, kilo 900 ke nan. A cusa tumaki biyar, wani kilo 150. An haura tan biyu. Motar da aka ƙera don tan ɗaya tana ɗauke da ninkinsa, kuma ta tashi, ta kama hanya. Shi ya sa ake cewa “ai Toyota ce, ba ta gajiya”. E, injin yana ja. Birki da taya su ne ba su san wannan kirari ba.

Birki aikinsa shi ne ya mai da gudun mota ya zama zafi. In nauyi ya ƙaru, zafin ya ƙaru. In gudu ya ninka, aikin birki ya ninka sau huɗu. Ƙasarmu kuwa Adar ce, ƙasar dutsi. Wanda ya san gangaren Buza da na wajen Keita ya san ba fili ba ne irin na hanyar Maraɗi. Direba ya taka birki tun daga saman tudu har ƙasa da lodi ninki biyu, birkin ya ɗau zafi, ya saki, ya taka ya ji kamar ya taka auduga. Gobe a ce “birki ne ya tsinke”. Maganin wannan tsofaffin direbobi sun san shi: a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangara, injin ya riƙe motar.

Ita ma taya tana da nata adadin, a jikinta yake rubuce. In ka ga lamba 110 bayan girman tayar, ma'anarta tana ɗaukar kilo 1060, in 100 ce kilo 800. Akwai kuma wasu lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Mu kuwa yawanci tayar gwanjo muke saye, wadda ta gama aikinta a wata ƙasa. Ku haɗa tsohuwar taya, da lodi fiye da kima, da iskar da ba ta cika ba, da kwaltar watan Afrilu lokacin da zafi ya haura digiri 40. Wannan lokacin ne kuma na kakar albasa a Sabon Gida da Galmi da kwarin Tarka, lokacin da lodi ya fi yawa. Taya ta yi ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe.

Yauwa, sai abu na biyu, wurin ɗora kaya. Wannan kowane yaro mai amalanken jaki malami ne a kansa. In ka tara kaya a bayan amalanke, me ke faruwa? Sandunan su ɗaga, jaki ya tashi sama, ƙafafunsa na lilo. In ka tara a gaba, nauyin ya danne bayan jakin har ya durƙusa. Mai amalanke ya san dole ya daidaita kaya a kan tayoyi, ya bar ɗan nauyi kaɗan a gaba. Mota ma haka take. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux kusan mita uku ne. In ka buɗe ƙofar baya ka ɗora kilo 300 a mita ɗaya bayan tayar baya, ka sauke wa tayoyin gaba kilo 100, na baya kuma ka ɗora musu 400. Tayoyin gaba su ne na sitiyari, su ne kuma ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa da dare za ku ga mota tana tafe fitilunta na haska sama, suna kashe wa mai tahowa ido. Duk motar da kuka gani haka, hancinta a sama, ku sani direban bai riƙe ta sosai ba, ko shi bai sani ba.

Haka nan tsawon lodi. Kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, kusa da kan mota. In an gina lodi ya yi tsawo, an ɗora mutane a bisa, kwana ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya kifar da mota. Su wa ke sama? Iyayenmu mata masu kai kaya kasuwa, da goyo a baya, da tsofaffi, da almajirai. Ba abin riƙewa, ba abin da ya tare su.

Masu jan ƙaramar tirela a bayan mota ko tarakta, da gangar ruwa ko injin ban ruwa ko janareto, ku ma maganar ta shafe ku. A Amurka, inda mutane ke jan ɗakin kwana mai taya a bayan motocinsu in za su yawon hutu, ƙa'idar da suke bi ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar ja. Tirela mai kilo 1000, kilo 100 zuwa 150 ke nan. In bai kai ba, tirela ta fara kaɗa wutsiya da zarar an ɗau gudu, har ta ja motar ta fitar da ita daga hanya. In ya wuce, ya danne bayan mota ya ɗaga gabanta. Kuma wannan nauyin cikin lodin motarka ake lissafa shi. Kun ga dai ilimin mai amalanke ne, su sun sa masa sikeli.

Manyan motoci ma ba mu bar su ba, masu kwasar albasarmu zuwa Gana da Kodebuwa. Su ɓarnarsu a kan hanya take. Wani gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suna da doka mai lamba 14 ta shekarar 2005: tan 11 da rabi a layin taya ɗaya na baya. In an kai shi tan 15, ɓarnar ta kusa ninka uku. Ramin da babbar mota ta haƙa, shi ne a-kori-kura mai lodi za ta faɗa gobe. Kuɗin gyaran kuwa daga aljihunmu yake fita.

Na san akwai direbobi a cikinmu, kuma na san abin da za su ce. Mai ya yi tsada, mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma, ɗan kamasho yana ƙara mutum don ya ƙara nasa, a hanya kuma akwai hannuwan da ake miƙa wa abu. Ga ƙauyen da mota ɗaya ce ke zuwa ranar kasuwa, in ka bar mace da buhunta ta yi asarar mako guda. Duk gaskiya ne. Don haka ba direba kaɗai muke tuhuma ba. Amma mu ma fasinjoji mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ne ke roƙon “don Allah a ƙara ni, ko a bisa ne”.

In hatsari ya faru mukan ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Amma addininmu ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce hatsarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan ɗaya da dubu 190 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan da ƙannenmu.

To me za mu yi? Ku da kuka yi karatu, ku je tasha, da ladabi, ku zauna da direbobi a buɗe katin mota a fitar da adadin, a rubuta shi da fenti a jikin motar inda kowa zai gani. Mu roƙi sandikan direbobi da hukumomin garuruwanmu su sa sikelin buhu a manyan tashoshi, su kuma ware motar kaya daban da ta mutane a ranakun kasuwa. Mu nemi hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, ta kawo wayar da kai cikin harshen Hausa har Bangi da Ibohaman, kada abin ya tsaya Yamai. Masu tsaron hanya kuma su sauke lodin da ya wuce kima, don tara ba ta rage wa taya kilo ko ɗaya.

Kai kuma, in ka zo shiga mota ka ga bayanta ya zauna, hancinta a sama, ka haƙura ka jira ta gaba. In mahaifiyarka ce za ta kasuwa, ka raka ta tasha, ka cika mata kuɗin kujerar ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.