Taliya ba nama, irin ta Italiya

 Girkinmu na yau daga Italiya ya fito: taliya da laimar kwaɗi, da wani jan ganye mai ɗaci da suke kira radikiyo, da cuku mai ratsin shuɗi, wato Gorgonzola. Babu nama ko yanka ɗaya.

Laimar kwaɗin ce a madadin nama, to ku ba ta haƙƙinta. Kasko ya yi zafi sosai, mai kaɗan, kuma kar ku cunkusa ta; in ta yi yawa ruwa za ta saki, ta dahu maimakon ta soyu. Don Allah ta kanti kawai, wadda aka noma. Ta daji akwai mai kisa, ido kuma ba ya rarrabewa.

Ganyen minti 2 ya ishe shi. In babu radikiyo, 'yar shuwaka da aka wanke sosai za ta yi. Ku narkar da cukun da ludayi ɗaya na ruwan taliyar, ku juye, ku rage gishiri don cukun na da nasa. Masu juna biyu, sai cukun ya tafarfasa sannan ku ci.