Saƙon Ciki Zuwa Ga Ƙwaƙwalwa: Jawabi Kan Yunwa Da Ƙoshi

Hausawa na cewa da ruwan ciki a ke jan na rijiya, amma kaɗan ne daga cikinmu su ka taɓa tambayar kansu yadda a ke yi mutum ya san yana jin yunwa, ko kuwa ya san ya ƙoshi. A kan wannan ne zan yi magana, domin ciwon sukari da ƙibar da ta wuce kima suna ta yaɗuwa a biranenmu, sanin aikin ciki kuwa babban makami ne na rigakafinsu.

Da yawa sun ɗauka ciki buhu ne kawai da a ke zuba tuwo. Ba haka ba ne. Tumbi da hanji ba su daina aika wa ƙwaƙwalwa labari dare da rana, ta hanyoyi biyu. Ta farko kamar wayar tarho ta ke, watau jijiyoyi. Ta biyu kamar wasiƙa ta ke, watau waɗansu sinadarai da a ke kira homon, waɗanda jini ke ɗauka ya kai inda a ka aike su.

Bari mu fara da jijiyoyi. A cikin bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan 100, su ne ke sarrafa murɗawar da ke tura abinci gaba ba tare da mutum ya sani ba. Sa'an nan akwai wata doguwar jijiya mai suna bagus, wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya da ƙirji har ciki. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na zaruruwanta labari su ke kaiwa sama. Idan tumbi ya cika ya miƙe, ita ce ke sanarwa. Ita ce kuma ke sa tumbi ya fara zubo ruwan narkar da abinci tun mutum yana jin ƙanshin miya, kamar yadda masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya nuna a binciken da ya jawo masa lambar Nobel a 1904.

Labarin homon kuwa ya fara ne a 1902 a birnin Landan, sa'ad da Bayliss da Starling su ka gano cewa ƙaramin hanji na sakin wani sinadari cikin jini, wanda ke umartar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ta zubo ruwan da zai kashe tsamin abinci. Daga nan a ka yi ta gano waɗansu. Idan an ci mai, hanji ya kan saki wanda ke matse maɗaciya, ya kuma gaya wa ƙwaƙwalwa a dakata. A 1994 a Amurka a ka gano lefitin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don ya faɗi yawan ajiyar da ke akwai. A 1999 a Japan a ka gano girelin, mai shelar yunwa, wanda tumbi ke fitarwa. Ya kan hau kafin lokacin cin abinci, ya sauka bayan an ci. Akwai kuma GLP-1, mai fitowa daga hanji bayan an ci abinci. Aikinsa uku ne: ya ƙara fitar insulin mai rage sukarin jini, ya sa abinci ya daɗe a tumbi, ya kwantar da kwaɗayi.

To, ina amfanin wannan a gare mu? Na farko, saƙon ƙoshi ba ya isa nan take, ya kan ɗauki kamar minti ashirin. Wanda ya haɗiye malmala uku a gurguje ya riga ya wuce ƙoshi kafin wasiƙa ta iso. Saboda haka a zauna, a tauna da kyau. Sannu ba ta hana zuwa. Mai buɗa baki bayan azumi ya fi kowa bukatar wannan shawara.

Na biyu, irin abincin ma yana da tasiri. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi da nono sun fi motsa homon ɗin ƙoshi. Gero da dawa da ba a surfe su sarai ba, da zogale, rama da kuɓewa, suna kai dusa har babban hanji, inda ƙananan halittu masu amfani ke cin ta su fitar da abin da ke ƙara GLP-1. Lemon kwalba da shayi mai yawan sukari kuwa su kan wuce da sauri, su ɗaga sukarin jini, su bar mutum da yunwarsa.

Na uku, ƙarancin barci ya kan ƙara girelin, mutum ya tashi da kwaɗayi. Kuma idan mai ƙiba ya rage jiki, girelin ya kan hau, lefitin ya sauka, yunwa ta tsananta. Don haka kada a yi masa gorin haɗama. Taimako ya ke bukata.

Daga ƙarshe ga gargaɗi. An ƙera allurai masu kwaikwayon GLP-1 don ciwon sukari da ƙiba, amma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedi cewa an sami na jabu a kasuwa. Kada kowa ya yi wa kansa allura sai da umarnin likita, a kuma duba lambar NAFDAC. Wanda ya ga yana yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama ba dalili, lalle ya hanzarta zuwa asibiti a auna jininsa.

Lafiya uwar jiki.