Ci-ranin Tsuntsun Fengwin

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshe, wanda malamai da iyalansu suka halarta

 

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shamuwa. Tana sauka da farkon damina, ta yi sheƙa a kan tsamiya a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, kaka na kamawa a neme ta a rasa. Mukan ce mun san ta, alhali rabin shekararta kaɗai muka sani. Sauran rabin tana can gabashi da kudancin Afirka tana bin fara. To, irin wannan rabin sanin ne duniya ta daɗe tana yi wa tsuntsun da zan yi magana a kansa yau, wato fengwin.

Kun ga hotonsa a littafin labarin ƙasa: baƙin baya, farin ciki, yana tsaye kamar mutum, fukafukansa sun zama tamkar filafilin kwalekwale. Nau'o'insa kusan 18 ne, kuma kudancin duniya ne mazauninsu, daga Antaktika zuwa gaɓar Ajantina, Afirka ta Kudu, Ostareliya da Niyu Zilan, har da wani ƙarami a tsibiran Galafagos, daidai tsakiyar duniya inda ake zafi. Hoton da ake nuna mana kullum na lokacin haihuwa ne, dubbai sun yi cincirindo a tudu suna reno. Da zarar reno ya ƙare sai fili ya zama wayam. Ina suka tafi, kuma me suke ci a can?

Kafin tafiyar akwai wata wahala da ba makawa sai an sha ta. Gashin fengwin shi ne rigarsa, shi ne rufin ɗakinsa. Gajeru ne, a cunkushe, wani a kan wani kamar shuci, yana shafe su da mai daga wata matsatsa da ke kusa da wutsiyarsa, ruwan sanyi ba ya taɓa fatarsa. Shekara guda ta isa gashin ya tsufa. Kazar gidanmu takan zubar da nata ɗaya bayan ɗaya tana ci gaba da kiwo, shi kuwa ba shi da wannan damar, domin ɗakin da ke yoyo ta kusurwa ɗaya ya riga ya jiƙe. Don haka gaba ɗaya yake sakewa. Sai ya fito tudu ko ya hau ƙanƙara ya tsaya cak, mako biyu zuwa biyar gwargwadon nau'insa, ba ya shiga ruwa, kuma tun da abincinsa duka a ruwa yake, ba ya cin komai. Wani yakan rasa abin da ya kusa rabin nauyinsa. Wanda bai tara kitse ba kafin wannan tsayuwar, ko dai ya mutu a tsaye, ko ya koma teku ba ƙarfin kamun kifi.

Shi ya sa 'yan makonnin da ke tsakanin ƙarewar reno da sake gashi suke da tsada ƙwarai. A Niyu Zilan akwai wani nau'i mai tukku rawaya da mutanen Mawori ke kira tawaki. Binciken da aka buga a 2018 ya nuna cewa a cikin mako takwas zuwa goma wasunsu sun yi iyo na kusan kilomita 7,000, zuwa da dawowa, don kawai su yi ƙiba. Daga Kano zuwa Legas a mota kusan kilomita 1,000 ne. Ku lissafa da kanku.

Bayan sabon gashi ya fito sai babban ci-rani. Ku tuna lokutan can kishiyar namu ne: sa'ad da muke cikin damina, daga Mayu zuwa Satumba, su suna tsakiyar hunturu. Nau'in Adeli da ke haihuwa a tsibirin Ros na Antaktika yana barin gida ne saboda duhu. Da ido yake farauta, kuma a wannan ƙuryar rana takan faɗi ta yi watanni ba ta fito ba. Sai ya yi arewa yana bin haske, wani lokaci da iyo, wani lokaci a kan faifan ƙanƙara da igiyar ruwa ke tafiya da shi kamar fasinja, har ya isa inda ake samun ɗan wayewar gari na 'yan sa'o'i da kuma tsagar da zai nutsa ta ciki. Binciken da aka buga a 2010 ya gano tafiyar tana kai kimanin kilomita 13,000 a shekara, wani ma ya yi 17,600. Nau'in makaroni (yara, ba taliya nake nufi ba, sunansa ke nan) da ke tsibiran Kargelen a kudancin tekun Indiya yakan yi wata shida cur a ruwa bai taka ƙasa ba. A kan ruwa yake barci. Ruwan gishiri yake sha, wata matsatsa da ke saman idonsa ta tace gishirin ya fita ta hanci. Jentu kuwa mazaunin gida ne, ba ya nisa da gaɓarsa ko da hunturu.

Malaman labarin ƙasa, ga naku. Ta yaya aka san inda tsuntsu ya je a tekun da ba kowa? Hanya ɗaya ita ce na'urar da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, amma a gashi ake manna ta, batirinta kuma yana ƙarewa. Ɗaya hanyar ta fi burge ni saboda sauƙinta. Wata 'yar na'ura ce mai nauyin giram kaɗan da ake ɗaura wa tsuntsun a ƙafa, ba abin da ke cikinta sai agogo da abin auna haske. Kullum tana rubuta lokacin fitowar rana da na faɗuwarta. Tsawon yini yana nuna nisan tsuntsun daga tsakiyar duniya. Lokacin da rana ta take tsaka, idan aka gwada shi da agogon, yana nuna gabas yake ko yamma, tun da duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu. Darasin da muke yi a allo ke nan, yara na hamma. Lissafin yakan rikice a wajajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, domin a lokacin dare da rana daidai suke a ko'ina. Kuma dole sai an sake kama tsuntsun baɗi kafin a karanta abin da aka rubuta, abin da ke yiwuwa saboda fengwin yakan dawo wurin da ya yi sheƙa bara.

Binciken ma ya taɓa yin ɓarna. An daɗe ana sa musu zoben ƙarfe a fiffike don a gane su. A 2011 aka buga sakamakon bin diddigin shekara goma a tsibiran Kuroze, wanda ya nuna masu zoben sun fi mutuwa, kuma 'ya'yan da suka rena sun gaza na marasa zobe da kashi 39 cikin ɗari. Zoben yana tare ruwa, kowace tafiya ta ƙara nauyi. Na yaba wa masanan da suka fito suka faɗi wannan a kan aikin 'yan'uwansu.

Abincin iri uku ne: ƙananan kifaye, da wata halitta mai taushin jiki da hannaye da yawa, da kiril, wanda ya yi kama da jatan lande kuma tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Fengwin ba shi da haƙori, amma harshensa da dasashinsa suna da ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, abin da ya shiga ba ya zamewa ya fita. Ƙasusuwansa masu nauyi ne, ba holoƙo ba irin na tsuntsaye masu tashi, shi ya sa nutso ba ya ba shi wuya. Manyan nau'o'i biyu, waɗanda Turawa suka yi wa laƙabi da sarki da sarkin sarakuna, su ne gwanayen zurfi. Sarki yana bin wani ɗan kifi mai walƙiya wanda ke sauka ƙasa da rana ya hau sama da dare, don haka da rana yakan nutsa mita 100 zuwa 300. Sarkin sarakuna an auna ya kai mita 564, fiye da tsawon filin ƙwallo biyar, an kuma auna ya yi sama da minti 30 da numfashi ɗaya. A irin wannan nutson bugun zuciyarsa yakan sauka ƙasa da goma a minti.

Abin da ya sa wannan sanin ya wuce nishaɗi shi ne a watannin nan ake asarar da ba a gani. Nau'in Majalan da ke haihuwa a kudancin Ajantina yana bin kifi arewa zuwa Yurugwai da kudancin Barazil. Matan sun fi mazan nisa, kuma su aka fi tsinta a gaɓa, a galabaice ko a mace, kusan ninki uku. A Funta Tombo, ɗaya daga manyan matattaransu, maza sun rinjayi mata sosai, da yawa suna gyara rami ba mai shiga.

Na nahiyarmu ya fi shiga uku. Fengwin ɗin Afirka yana zaune a gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu, abincinsa sadin, irin kifin da muka sani a gwangwani, da wani ƙaramin ɗan'uwansa. A Oktoban 2024 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sa shi a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Wani bincike na 2017 ya bi sawun 'ya'yan da suka bar gida karon farko, ba uwa ba uba. Sai aka ga suna nufar yammacin gaɓar, suna bin ruwa mai sanyi mai yawan tsiro, alamar da ta shiryar da kakanninsu zuwa ga kifi. Alamar tana nan, amma kifin ba ya nan: jiragen kamun kifi sun kwashe, sauyin yanayin ruwa kuma ya tura ragowar gabas. Kamar ɗan ci-rani ne da ya bi kwatancen kakansa, ya iso ya tarar kasuwar ta tashi.

A Maris na 2025 wata babbar kotu a Firitoriya ta amince da sulhun da ya hana manyan jiragen kamun sadin shiga ruwan da ke kewaye da matattara shida har tsawon shekara goma, bayan ƙarar da ƙungiyoyin BirdLife ta Afirka ta Kudu da SANCCOB suka shigar. Mataki ne mai kyau, kuma ina ganin an makara da ɗaukarsa. Sai dai an shata iyakar ne da la'akari da inda iyaye ke kiwo lokacin reno, sa'ad da dole su dawo sheƙa da wuri. Ɗan da ya bar gida, da babban da ke neman ƙiba kafin sake gashi, sukan yi nisan ɗaruruwan kilomita bayan wannan iyakar, inda taru ke aiki kamar da.

Shugaba ya ɗaga mini agogo. Na ga hannaye biyu a bencin baya, bari mu fara da ke, 'yata.